Rana Ba Ta Faɗuwa Cikin Teku a Bur Sudan

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi wani gyara, in kuma biyo shi da roƙo.

Kwanakin baya ɗiyata ta miƙo mini wayarta tana murna, ta ce, "Baba, ga garinmu a jaridar Hausa." Na sa tabarau na duba. Hoton faɗuwar rana ne kuka ɗora a saman wani rahoto kan halin da Sudan ke ciki, aka rubuta a ƙasansa cewa bakin tekun Bur Sudan, wato Port Sudan, ne da magariba. Hoton ya yi kyau, wanda ya ɗauke shi ya san aikinsa. Rana ta yi jajir, rabinta ya nutse a ruwa, babu tudu babu dutse tsakaninta da teku. Sai dai ba garinmu ba ne. Da na ƙara girman hoton, can a gefe na hango wani farin ginshiƙin ruwa ya miƙe sama iska tana karkatar da kansa. Duk wanda ya taɓa zaga bakin tekun Jidda ya san shi, nafurar Sarki Fahad ce da aka buɗe a 1985. Daga Jidda aka ɗauki hoton nan, ƙetaren ruwa da mu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ranka ya daɗe. Na san yadda aikinku yake, lokaci ya ƙure, hoto ya zo daga intanet da sunan da wani ya laƙaba masa, aka ɗauka. Amma ko babu nafurar, hoton da kansa ya isa ya tona asirin rubutun da ke ƙasansa. Bahar Maliya ta miƙe ne daga kudu zuwa arewa, Saudiyya a gabas da ita, mu a yamma. Mutumin Jidda idan ya fuskanci teku yamma yake kallo, don haka kullum rana a ruwa take faɗar masa. Mu idan muka fuskanci teku gabas muke kallo. Daga ruwa rana take hudo mana da safe, da yamma kuma ta koma bayan duwatsun nan da suka yi wa garin katanga, waɗanda hanyar Sinkat da Arkawit ke ratsawa. Yaron da aka haifa a nan bai taɓa ganin rana ta nutse a buɗaɗɗen teku ba. Iyakarta ya tsaya a gabashin tashar jiragen ruwa ya ga haskenta a kan ruwan mashigi, amma a bayan ruwan akwai gidaje, a bayan gidajen akwai dutse.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ita ce salla. Makka tana arewa maso gabas da mu, don haka idan magariba ta same mu a bakin ruwa muka shimfiɗa darduma, teku muke fuskanta, jan shafaƙi yana bayanmu. A Jidda kuwa mai salla baya yake juya wa teku. Ni tun ina yaro a haka na san alƙibla: inda ruwa yake.

Wani zai ce, a kan hoto ɗaya ake wannan dogon zance, alhali ƙasar tana cikin yaƙi? Bari in faɗi ko ni wane ne, wataƙila a yi mini uzuri. Sana'ata ɗaukar hoto, shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ina da ɗan shago inda nake ɗaukar hoton fasfo da na katin shaida, ranar Alhamis da Juma'a kuma in bi bukukuwan aure. Da haka na ciyar da iyali. Abin da nake yi don kaina, wanda ba ya kawo ko sisi, shi ne in saɓa kyamara bayan la'asar in nufi bakin ruwa. Kakana daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa da niyyar aikin hajji, shi da kakata da jaki ɗaya. Suka bi ta Barno, suka ratsa Wadai, suka shigo Darfur ta Jinaina, suka wuce Fashir da Ubayyid. Inda guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma ko ƙodago har su tara na gaba. Sun yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira, sun ɗan zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin da aka yi da Turawan Ingila a Burmi a 1903. Daga ƙarshe suka iso Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke kudu da Bur Sudan. Kakata ta sha ba mu labari cewa ranar da ta fara ganin teku zama ta yi a kan yashi ta yi ta kuka, saboda an ce mata Ɗakin Allah yana bayan wannan ruwan, ba sauran ƙasa da za a taka. Sun ƙetara, sun sauke farali, sun dawo wannan gaɓar, tafiya gida kuma Allah bai nufa ba. Mu ne jikokin, muna jin Larabci kamar kowa, ana kiranmu Fallata ko Takarir, amma a tsakar gida Hausa muke yi, da tuwo da miyar kuka.

To wannan gaɓar da kuka sa wa hoton wata, ita ce inda ƙafar dubban Hausawa ta tsaya bayan tafiyar shekaru. A cikin masu karanta jaridarku a Kano da Sakkwato da Damagaram akwai da yawa da kakanninsu suka zauna a kan yashin nan suna jiran jirgi. Sun cancanci su gan ta yadda take.

Kuma yadda take ɗin ya isa a nuna. Abokan sana'ata matasa sukan yi ƙorafi cewa Allah bai ba mu faɗuwar rana ba, sai su tafi Jidda umara su dawo da hotuna suna nuna mini. Ni kuwa na daɗe da gane cewa rabonmu daban ne, kuma ban ga ya gaza na kowa ba. Wanda rana ke faɗuwa a gabansa, duk abin da ya shiga tsakaninsa da ita baƙi yake fitowa: mutum inuwa, kwale-kwale inuwa, hasumiya inuwa. Mu da rana ke bayanmu, haskenta a kan abin da muke kallo yake sauka. Da la'asar sakaliya farin kwale-kwalen masunta yakan koma launin zuma, yashi ya yi kamar an barbaɗa masa garin kurkum, ruwan da ke kan murjani ya yi kore shar, na bayansa mai zurfi ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi. Fuskar mai gyaran koma tana fitowa da duk tamojinta. Raƙuman ƙabilar Beja da ke gangarowa su ci ganyen itacen shora a bakin ruwa, har gashin wuyansu ana iya ƙirgawa.

Sai duwatsu su haɗiye rana, tun kafin lokacin faɗuwarta na ainihi ya yi, gaɓa ta shiga inuwa alhali gajimaren da ke kan teku yana ci da wuta. A nan mafi yawan masu kyamara suke naɗe kayansu, kuma a nan ne abin da nake zuwa dominsa yake farawa. Idan sama ta yi garau, ka zuba ido gabas daidai inda ruwa ya haɗu da sama, za ka ga wani ɗamara mai duhun shuɗi yana tasowa a hankali, a samansa kuma wani ja-ja mai laushi kamar cikin kankana. Shekaru ina ɗaukarsa ban san mene ne ba, sai da wani malamin makarantar sakandare ya zo ɗaukar hoton fasfo ya gan shi a bangon shagona, ya ce, "Malam, ka san inuwar duniya ka ɗauka?" Ya yi mini bayani cewa rana ta riga ta sauka a bayanmu, ƙasar da muke tsaye a kanta ce take jefa inuwarta a kan iskar gabas, jan da ke sama kuwa ragowar hasken da bai kai ga shiga inuwar ba ne. Ba ya daɗewa, kafin ladan ya gama kira a tayar da salla ya narke cikin duhu. Mutumin Jidda, idan yana son ganinsa a kan ruwa, sai ya yi sammako da asuba.

Sannan ga daren sha huɗu. Cikakken wata yana fitowa ne daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma, don haka sau ɗaya a kowane wata muna da namu jan faifan a kan teku, sai dai shi tasowa yake yi. Ban cika barin wannan yammacin ya wuce ni ba. Na lura ma daren sha uku ya fi daɗin ɗauka, saboda watan yana fitowa da sauran haske a gari, kyamara tana iya kama shi da yashin da kwale-kwalen a hoto ɗaya ba tare da ɗaya ya ƙone ko ɗaya ya yi duhu ba. Idan aka jinkirta zuwa sha biyar ko sha shida, gari ya riga ya yi duhu kafin ya fito, sai ka samu farin ɗigo a kan baƙin allo.

Akwai wuri ɗaya da na taɓa tsayawa na ga rana tana gangarawa ruwa yana gabana ta yamma, shi ne Sanganeb. Wani tudun murjani ne mai siffar zobe a tsakiyar teku, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, arewa maso gabas da gari. Gwamnati ta keɓe shi tun 1990, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da mashigin Dungunab da ke can arewa, inda ake samun wata dabbar ruwa 'yar'uwar ayun da masuntan Kwara da Binuwai suka sani. A kan murjanin nan aka kafa fanar, wato hasumiya mai fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Turawan Ingila ne suka fara kafa ta, saboda bayan sun bar Sawakin sun soma gina Bur Sudan a 1905 a wurin da a da ake kira Marsa Shaikh Bargut, manyan jirage suka riƙa shigowa, hanyar kuwa cike take da murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa kamar wuƙaƙe.

Baffana, ƙanen mahaifina, masunci ne, shi ya fara kai ni ina saurayi, da wata tsohuwar kyamara ƙirar Yashica da fim ɗaya mai hoto 36. Mun tashi bayan asuba a kwale-kwale mai inji. Da farko ba ka ganin komai sai ruwa, can sai wani siririn abu ya ɓullo kamar allura a tsaye, ya yi ta girma. Babu ƙasa a ƙarƙashinsa, babu itace, gini ne kawai a kan ruwa da doguwar gada da ta miƙe zuwa bakin murjani inda ake ɗaure jirgi. Masu tsaron fanar suka tarbe mu kamar sun ga 'yan'uwa, don sukan yi makonni ba su ga baƙuwar fuska ba. Aka dafa jabana, wato gahawa, da citta, aka zuba a ƙananan finjalai. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ya ce da ni, "Ya waladi, in za ka hau, ka hau yanzu ka ga wuri, ka sauko ka huta, sannan ka sake hawa bayan la'asar. Wanda ya hau sau ɗaya haki kawai yake tunawa." Matakalar ta haura ɗari biyu, tana zagaye a cikin hasumiyar, tsayinta duka wajen mita 50.

Shi ne ya fahimtar da ni dalilin tsayin. Duniya a lanƙwashe take, mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hango abin da ya wuce kilomita biyar na fuskar teku, amma daga mita 50 ido yana kai wa kilomita 25. Matuƙin babban jirgi da shi ma yake a sama yana hango fitilar daga nesa fiye da haka. Ya nuna mini cewa ƙarfin hasken ba daga girman fitilar kaɗai yake ba, gilashin da ke kewaye da ita ne ke tattara haske ya harba shi waje guda, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Fresnel ya fito da ita shekara ɗari biyu da suka wuce. Kowace fanar kuma da irin ƙiftawarta, yadda matuƙi zai ƙirga ya san wacce yake gani ko da babu tauraro ko ɗaya. Ya ce da rana siffarta ce sunanta, da dare kuma ƙiftawarta.

Da na sake hawa da yamma sai na ga abin da yake nufi. Daga sama zoben murjanin duka yana ƙarƙashinka, ruwan cikinsa fari-fari kore-kore, ana ganin kifaye suna yawo kamar a cikin kwano, gefensa kuma ya yanke tsaye zuwa zurfin da ya yi baƙi-baƙi. Inuwar hasumiyar ta miƙe gabas a kan ruwa tana ƙara tsawo. Ta yamma rana ta shimfiɗa hanyar zinariya a kan teku, amma ko a can, can ƙarshen ruwan, ga duwatsunmu sun yi layi kamar haƙoran zarto, kuma a bayansu ta faɗa. Daga lokacin da gindinta ya taɓa dutse zuwa ɓacewarta bai kai minti uku ba. Na ƙone hoto tara a cikin wannan ɗan lokacin, hannuna yana rawa, da aka wanke fim biyu ne suka fito yadda nake so. Ɗayansu yana rataye a shagona har yau, ya koɗe, amma duwatsun suna nan.

Komawar da na yi daga baya ce ta koya mini ɗaukar fanar ita kanta. Sai an sauko an tafi ƙarshen gadar, an kafa kyamara a kan ƙafarta mai uku, an jira. Idan ka ɗauka rana na sama, fitilar ba ta ci. Idan ka bari dare ya yi, fitilar kaɗai za ta fito, hasumiyar ta ɓace. Akwai wata 'yar tazara, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan faɗuwar rana, da hasken sama da na fitila suke yin kunnen doki. A nan ake barin idon kyamara a buɗe na daƙiƙa biyu ko huɗu, ruwa ya kwanta sumul kamar madara, ƙiftawar fitila ta faɗo a ciki. Mu a nan almuru gajere ne, ba kamar ƙasashen Turai da aka ce haske yana jan ƙafa ba, don haka wanda bai shirya tun da wuri ba sai ya dawo wata rana. Kuma lokacin ya zo daidai da sallar magariba. Abin da nake yi shi ne in saita komai tun kafin rana ta faɗi, in yi salla a kan gadar da zarar lokaci ya shiga, ina sallamewa in miƙe in danna.

Ruwan nan cike yake da tarihin da masu ninƙaya na duniya suka fi mu sani. Kusa da bakin tasharmu jirgin Italiya mai suna Umbria yana kwance tun watan Yunin 1940, lokacin da ma'aikatansa suka nutsar da shi da kansu da lodin bama-bamai don kada ya faɗa hannun Ingilishi. A wani murjani da ake kira Sha'ab Rumi kuma Bafaranshe mai binciken teku Jacques Cousteau ya gina gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutane suka zauna a ciki na makonni. Kafin yaƙi baƙi daga Italiya da Jamus sukan zo takanas saboda waɗannan, su yi mako a kan jirgi, su koma da hotunan da mu 'yan gari ba mu da su.

Ga matasanmu da ke ɗauka da waya, ba sai da babbar kyamara ba. A taɓa sama a fuskar wayar a rage haske kaɗan, launi zai zauna. A daidaita layin ruwa kada teku ta zube gefe ɗaya. A durƙusa ƙasa kusa da jiƙaƙƙen yashi, shi madubi ne. Tekunmu ba ta cika da janyewa sosai kamar ta Legas, don haka inda ka ga bakin ruwa da la'asar nan za ka same shi da magariba. Babban abokin gaba gishiri ne. Iskar bakin ruwa tana ɗauke da shi ko ba ka ji ba, na yi asarar kyamara guda sukutum saboda na mayar da ita jaka ban goge ba har kwana uku, tsatsa ta cinye cikinta. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga danshi, idan aka fito da kyamara daga ɗaki mai sanyi gilashinta yakan yi raɓa, sai an ba ta lokaci ta saba da waje. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne namu, lokacin ne ɗan ruwan samanmu ke zuba, ana samun gajimare, duwatsu su fito tas. Sannan kada a ɗaga kyamara a kan mutum sai an yi sallama an nemi izini, balle matan mutane da suka fito shan iska da iyalansu. Na sha zama in sha jabana da masunci sau biyu sau uku kafin in ce zan ɗauke shi, in kuma wanke in kai masa nasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sawakin. Tana kudu da mu, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, kewayayye kamar faifai, gidajensa masu hawa biyu da uku da dutsen murjani aka gina su, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda. Shi dutsen murjani sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, in an bar shi iska da gishiri su rugurguza shi. Da fatauci ya koma Bur Sudan masu gidajen suka tashi, gidajen suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Turkawa sun gyara masallacin Hanafi da na Shafi'i da ginin kwastan, shugabansu Erdogan ma ya ziyarci wurin a Disambar 2017, amma yawancin tsibirin tarin duwatsu ne. Ina da hotunan bango da ƙofofin da na ɗauka shekara ashirin da suka wuce, yau in na koma wurin babu su. Kuma ba a taɓa ganin Sawakin da kyau irin na la'asar sakaliya ba, lokacin da rana ta sauko ta bayanka ta bugi farin murjanin ya koma ja-ja, hasumiyar masallaci ta kwanta a cikin ruwan mashigi, hankakin nan namu marasa farin ƙirji suna komawa makwanci. Tsohuwar Jidda da aka gina da irin dutsen nan an tattala ta, ta shiga gadon duniya a 2014. Tamu tana narkewa. Ni ba ni da ikon tayar da bango, abin da ke hannuna shi ne in ɗauke shi kafin ya faɗi, in rubuta rana da wuri a bayan hoton. Shi ya sa rubutun ƙasan hoto ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Hoton da aka sa wa sunan wani gari ya tashi daga shaida, ko da ya fi kowane kyau.

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke abubuwa suka canza mana. Garinmu ya cika da mutanen Khartum da na Madani da suka tsero, makarantu suka koma masauki, gwamnati ma ta dawo nan. Na ga jiragen ruwan Saudiyya suna kwasar mutane zuwa Jidda, na ga ɗaliban Najeriya da suka kwana da kwanaki suna jiran jirgin sama, wasunsu sun shigo shagona na ji Hausar Kano tsantsa a bakinsu har na ji kamar in bi su. A Agustan 2024 madatsar Arba'at da garin ke sha daga gare ta ta ɓalle. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai da filin jirgin sama, hayaƙi ya rufe gari kwana da kwanaki. A waɗannan ranakun rana takan yi wani irin ja da ban taɓa gani ba, kamar garwashi a cikin toka, kuma ban ɗauka ba ko sau ɗaya. Ban iya ɗaga kyamara ga kyan da ya fito daga wutar da ke cin garinmu ba. Yanzu ma ba kowane wuri ake ɗaukar hoto ba, kusa da tasha da duk wani wurin tsaro an hana, kuma ina gargaɗin yaranmu su kiyaye, kada a jefa kai cikin wahala saboda hoto. Rabona da Sanganeb tun kafin yaƙi. Amma har yanzu da yamma mutane suna fitowa bakin ruwa, masu shayi suna jera kujeru, ana gasa naman da muke kira salat a kan duwatsu masu zafi, yaran da suka taso a bakin Nilu suna koyon ɗanɗanon ruwan gishiri. Wata tsohuwa da ta gudo daga Omdurman ta tambaye ni ina alƙibla, na nuna mata teku, ta daɗe tana kallon ruwan kafin ta ta da kabbara. Kakata na tuna.

Roƙona, Edita, guda biyu ne. Ku gyara rubutun ƙasan wancan hoton ku mayar wa Jidda kayanta. Sannan na haɗo muku hotuna huɗu da wannan wasiƙa, kyauta, ba na neman komai: fanar ta Sanganeb bayan magariba, inuwar duniya a kan teku daga arewacin gari, watan daren sha uku na Sha'aban a bayan wani kwale-kwale, da wata ƙofa a Sawakin da yanzu babu ita. Kowanne na rubuta inda na tsaya da lokacin da na ɗauka. Idan kun ga sun dace ku buga. Idan kuma a cikin masu karatu akwai wanda wani kakansa ya bi ta Sawakin ya bar tsohon hoto ko takardar jirgi a cikin adaka, don Allah ya aiko muku da kwafi, ina so in gwada shi da wuraren da suka rage a tsaye tun ina da ƙafar zagawa.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sudan da Najeriya da Nijar. Na gode.

Naku,
Mai ɗaukar hoto, jikan alhazan ƙafa,
Bur Sudan.